Haihuwa ta hana ni zana fefa biyu an saka min ABS, dan Allah wa ya san hanya?

Maijego:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar wanda ya san kan dokokin jarabawa na kwalejin ilimi, musamman in akwai malamai ko masu aiki a ofishin jarabawa a cikinmu. Ni ɗalibar NCE 2 ce, wato shekara ta biyu, a wata kwaleji ba zan kama suna ba. Samistar da ta wuce na shiga jarabawa da tsohon ciki, lissafin da aka min a wajen awo ya nuna sai mun gama da kamar sati biyu zan sauka, to Allah da ikonsa ranar Talata na zana fefa ta shida na dawo gida lafiya lau har tuwo na tuƙa, cikin dare naƙuda ta taso, kafin asuba muna asibiti kuma abin bai zo da sauƙi ba sai da aka yi min aiki. Kwana shida na yi a kwance. Fefa biyu suka wuce ni, ɗaya ta Edukeshin mai kiredit 2 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kos) ɗaya ta dipatmen ɗinmu mai kiredit 3.

Maigidana bai yi sakaci ba, tun washegari ya kira kilas ref ɗinmu ya faɗa mishi, shi kuma ya ba shi lambar malamin kos ɗin dipatmen, ya kira shi malam ya ce Allah ya raya, ta kwantar da hankalinta ba komai in ta warke ta zo. To da muka ji haka sai hankalinmu ya kwanta wlh. Bayan suna aka tafi da ni gida Darazo wanka, kun dai san yadda iyaye suke, inna ko waya ba ta so ta ga na riƙe balle a yi mata maganar makaranta, sai da na yi arba'in har da ɗoriya na dawo Bauchi.

Jiya na shiga makaranta na tarar an liƙa sakamako, gaban kos biyun nan an rubuta ABS, wato ban zo jarabawa ba, kuma GPA ɗina, matsakaicin makina na samistar, ya sauko 2.25, ni da ban taɓa sauka ƙasa da 3 ba. Na je wajen eksam ofisa da jaririya a baya, ya saurare ni tsaf sannan ya ce ina takardar da kika rubuto? Na ce an faɗa wa malam ai. Ya ce Malama magana da baki ba ta shiga fayil. Ga layi a bayana ban samu na ƙara tambayarsa komai ba, na fito ina share hawaye da bakin hijabi.

Abin da nake so na sani, shin bayan wata biyu da wani abu akwai sauran gyara ko shi kenan ta zauna kariyoba, wato sai na maimaita kos ɗin? Kuma zai iya hana ni fita tiicin firaktis, wato gwajin koyarwa? Sannan wata a ajinmu ta ce akwai wanda in aka ba shi wani abu zai gyara min a kwamfuta ba wanda zai sani, ni dai zuciyata ba ta kwanta da wannan ba amma na rasa yadda zan yi.

Ɗan Jekadafari:

Wa alaikumus salam, barka da arziki anti Allah ya raya mana. Gaskiya ki haƙura kawai, ni a sanina in sakamako ya riga ya hau allo magana ta ƙare, ni ma haka ta faru da ni lokacin rasuwar babanmu, fefa ɗaya ta wuce ni na yi ta sintiri ofis ofis har takalmina ya siɗe, ƙarshe dai kariyoba na yi na wuce wajen. Kiredit 5 ai ba wani abu ba ne wasu goma sha suke ɗauke da shi kuma suna cin abinci su ƙoshi. In kuna da wani babba da ya san HOD ɗinku, wato shugaban dipatmen, ku tura shi, ƙasar nan sai da hanya. Amma batun ba da kuɗi kam kar ki soma.

Tsohon Eksam Ofisa:

Barka da sauka 'yata, Allah ya raya ya ƙara miki lafiya. Na riƙe wannan kujerar shekaru a wata kwalejin kafin na ajiye aiki, saboda haka bari in ɗan tsawaita.

Ɗan Jekadafari, a sintirin da ka yi ka taɓa miƙa takarda a rubuce aka buga maka hatimi? Ina kyautata zaton a'a. Mafi yawan waɗanda na ga sun sha wahala a ofishina abin da ya kayar da su ke nan, su zo su yi bayani mai ban tausayi, in tausaya musu har raina, amma ranar zaman akademik bod, majalisar da ke amincewa da sakamako, ba ni da abin da zan ɗora a tebur.

Abu na farko da ɗalibai ba su gane ba, malamin kos ba shi da ikon yafe wa kowa jarabawa. Shi nasa ya yi makin ya miƙa. Daga hannunsa sakamako zai je zaman dipatmen, ya wuce zaman sukul ɗinku wajen Din, sannan ya isa akademik bod inda shugaban kwaleji yake jagoranta, su kaɗai suke da hurumin cewa an karɓi uzurin wance. Malamin da ya ce wa maigidanki ba komai ba yaudararku ya yi ba, kara ce irin tamu, mutum ya kira ka matarsa tana gadon asibiti me za ka ce masa? Amma shi ma da ya zo cike takardar maki bai ga takardar amsarki ba dole ya rubuta ABS, in ya rubuta wani abu daban shi za a tuhuma.

Kwalejojin ilimi duk ma'auni ɗaya suke bi na NCCE, hukumar da ke kula da su, ko Azare kike ko Kangere ko FCE ta Gombe ko Billiri. CA, wato gwaji da ayyukan cikin samista, maki 40, jarabawa maki 60, cin kos daga 40 ne, kuma sai kin halarci kashi 75 na lakca kafin ki cancanci shiga hol. Wajen lissafin GPA, harafin A, wato daga 70 zuwa sama, maki 5 take, B 4, C 3, D 2, E 1, F babu ko ɗaya. To duba yadda 2.25 ɗinki ta fito. In kiredit 20 kika yi rijista, kika zana 15 kika samu matsakaicin C, jimla 45 ke nan. A raba 45 gida 15 ya ba da 3.00, amma da yake an ɗauki ABS ɗin a matsayin F sai aka raba gida 20, shi ne 2.25. Kin ga ba ƙoƙarinki ne ya ragu ba, abin rabawar ne ya ƙaru. Shi ya sa ban yarda da masu cewa ki share kawai ba, domin wannan sifili biyun za su bi CGPA ɗinki, wato matsakaicin makin duk samistoci, har ranar da za ki karɓi satifiket ko da kin dawo kin ci A a duka biyun.

ABS iri biyu ce, akwai ta wanda ya ƙi zuwa ba dalili, wannan faɗuwa ce, akwai ta wanda aka karɓi uzurinsa, wannan ba a lissafa masa ita, in ya zo rubutawa ana ɗaukarta a zaman farko. Abin da za ki nema ke nan, a mayar da taki ta biyun.

Ki rubuta wasiƙa zuwa ga Rijistara, ta hannun Din, ta hannun HOD. Gajeriya, sunanki, lambarki, lambar kos biyun da ranakun da aka zana su, ranar da aka kwantar da ke da ranar da aka sallame ki. Ki koma asibitin da kika haihu su ba ki rahoton likita a kan takardarsu mai tambari, ba katin awo kawai ba. Wannan rahoton kada ki kai shi dipatmen kai tsaye, ki fara kai shi kilinik ɗin makaranta babban likitansu ko mai riƙe da wajen ya sa hannu ya tabbatar, a nan mutane da yawa suke tuntuɓe domin bod ba ta cika kallon takardar asibitin waje ba in nasu bai gani ba. Ki haɗa da fotokofin katin jarabawarki, wanda zai nuna sa hannun masu gadi a fefa shidan da kika zana, da fom ɗin rijistar kwasakwasai da takardar haihuwar yarinya. Ki yi kofi uku, duk ofishin da kika miƙa ki roƙi sakatare ya buga miki hatimin an karɓa da kwanan wata a kan naki kofin, ki adana shi yadda kike adana takardar sadaki.

Inda matsalarki take shi ne lokaci. Kowace makaranta tana da wa'adin kawo uzuri a cikin littafin dokokin ɗalibai, wata kwanaki kaɗan ne wata makonni, kuma ko wanne ne kin wuce shi. (Littafin nan da ake raba muku a oriyanteshin, na sha ganin an naɗe gyaɗa da shafukansa a bakin get.) Saboda haka kada ki ɓoye jinkirin, ki faɗe shi a wasiƙar, aiki aka yi miki, ba ki iya zirga-zirga, kuma an sanar da malamin kos ta waya tun washegari. In malamin zai yarda ya rubuta layi biyu a ƙasan wasiƙar cewa lallai an kira shi a lokacin, wannan ya fi miki babban mutum goma. Ban ce dole su karɓa ba, amma haihuwa ta aiki ba irin uzurin da ake ƙirƙira ba ne, kuma na ga an karɓi waɗanda suka makara.

Ko an karɓa kada ki sa ran za a shirya miki jarabawa ke kaɗai, galibi sai baɗi in samistar ta zagayo ki zauna da 'yan bayanki. Kuma ki tabbata kin sake yin rijistar kos biyun a lokacin, su za ki fara sakawa kafin sababbi domin akwai iyakar kiredit da ake yarda ɗalibi ya ɗauka, yawanci 24. Na ga wanda ya zana kariyoba ya ci amma bai yi rijistarta ba, sakamakon ya tashi a banza. Batun tiicin firaktis ki je wajen kodinetansa da kofin wasiƙarki mai hatimi tun kafin a fitar da sunaye.

Mai gyara a kwamfuta kuwa, garin neman gira za ki rasa ido. Kafin a yaye ku ana ɗauko takardun maki na asali da malamai suka sa wa hannu a gwada da abin da ke kwamfuta, ranar da aka ga maki a inda malam ya rubuta ABS ke za a kira ba shi ba, kuma daga mai uzuri kin koma mai laifin da ake kora a kansa.

Ɗan Foli:

Malam Allah ya saka da alheri, anti ki yi haƙuri zan ɗan raɓa a zaren ki don nima ina cikin tashin hankali. Ni ND 1 nake, shekarar farko ta difloma, a foli, satin da ya wuce na makara na sauko daga keke da gudu na shige hol na manta wayata na aljihun wando, a kashe take wlh tun a gida cajinta ya ƙare. Ana cikin rubutu ta zame ta faɗo ƙasa ƙwal kowa ya juyo, mai gadin jarabawa ya zo ya ɗauka ya karɓe takardata ya kawo wani fom ya ce in cika in sa hannu, abokaina na ta min alama da ido kar in sa, ni kuma tsoro ya kama ni na rubuta cewa e wayata ce amma a kashe take na sa hannu, sai ya ba ni sabuwar takarda na ci gaba. Yanzu kowa na ce min na kashe kaina da na sa hannu, wai da na ƙi ba su da hujja. Ban faɗa ma babana ba har yanzu, shi ke biya min da kuɗin facin da yake yi a kasuwar Muda Lawal. Korata za a yi?

Mai Karatun Lauya:

Ƙanena kwantar da hankalinka, abokanka ne ba su sani ba. A yawancin makarantu ƙin cika wannan fom ɗin shi kansa laifi ne daban, kuma ko ka ƙi mai gadin zai rubuta nasa rahoton ya sa wani ya shaida cewa ka ƙi, ka ga an tafi kwamiti da bakinsa babu naka. Fom ɗin ba amsa laifi ba ne, wajen faɗin naka ɓangaren ne, kuma abin da ka rubuta daidai ne tunda gaskiya ce. Da ya ba ka sabuwar takarda ka ci gaba ma ƙa'ida ya bi, domin shi ba alƙali ba ne, kamawa da rubutawa ne nasa.

Amma ba zan rufe ka ba, shiga hol da waya laifi ne ko a kashe take, dokar ba ta ce sai an gan ka kana dubawa ba. Abin da ya rage shi ne nauyin hukuncin, kuma a nan ne bambanci yake tsakanin wanda aka samu waya a mace a aljihunsa da wanda aka buɗe aka tarar da hoton handawut a ciki. Hukunci yana kamawa daga soke fefar, zuwa dakatarwa na samista ko shekara, zuwa kora gaba ɗaya, ka nemo littafin dokokinku ka ga inda naka ya faɗa. Idan wayar tana hannunsu ka roƙi kwamiti a kunna ta a gabanka a duba.

Mutane suna ɗaukar satar jarabawa wasa amma a dokar ƙasa babban laifi ne. A 1984 zamanin mulkin soja na Buhari dokar da aka kafa ɗaurin shekara 21 ta tanada. Ta 1999 da ake aiki da ita yanzu ta sassauta, wanda bai kai shekara 18 ba tarar da ba ta wuce naira dubu 100 ba ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ko duka biyun, baligi shekara 3 babu zaɓin tara, malami ko mai gadin jarabawa da aka samu da hannu shekara 4. A aikace dai makarantu ba su cika kai ɗalibi kotu ba, a kwamiti ake gamawa.

Kai kuma haƙƙinka shi ne a saurare ka kafin a yanke maka hukunci, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ke nan. Akwai shari'ar da duk ɗalibin lauya ya haddace, ta Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1986. Ɗalibai aka kora bayan tarzomar da aka yi a jami'ar a 1983, kotu ta rushe korar, cikin dalilanta har da cewa wanda ya shugabanci kwamitin binciken, mataimakin shugaban jami'ar, yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, wato mai ƙara ya zama alƙali. Tun daga nan makarantu suke taka-tsantsan, sai sun gayyace ka sun karanta maka abin da ake zarginka sun ba ka dama ka yi magana. To amma fa gayyatar sau da yawa a allon sanarwa ake liƙa ta, in ka tafi hutu ƙauye ka kashe waya aka zauna babu kai, ba za ka ce ba a neme ka ba. Ka sa wani ya riƙa duba maka allon dipatmen da na ofishin kula da harkokin ɗalibai. Ranar zaman ka je da wuri da shiga ta mutunci, ka faɗi abin da ka rubuta a fom kada ka canza ko kalma, masu canza labari su suke faɗawa rami. In hukuncin ya yi maka tsauri akwai ɗaukaka ƙara zuwa majalisar gudanarwar makaranta, a rubuce.

Kuma ka faɗa wa baba yau. Gara ya ji daga bakinka da ya ji daga wasiƙar makaranta.

Maman Sadiq Pantami:

Maijego barka, ya ƙwarin jiki ya ɗinki? Ki bi maganar Malam sau da ƙafa. Ni da cikin Sadiq na yi NCE 3, wata malama a dipatmen ɗinmu Allah ya yi mata albarka ita ta kira ni gefe tun cikin yana wata bakwai ta ce in rubuta takarda in ajiye wa HOD cewa watan haihuwata zai iya haɗuwa da jarabawa, na rubuta ina ganin kamar ɓata lokaci ne, ashe ita za ta cece ni, na haihu saura kwana tara a fara. Da ɗanyen jego na zana, ƙanwata tana zaune gindin dalbejiya da yaron da fulas ɗin kunun kanwa, in ya tsananta kuka sai a turo a faɗa, wata mai gadi mace ta raka ni bakin ƙofa in ba shi nono tana tsaye a kaina in koma, ba a ƙara min ko minti ɗaya ba amma dai na rubuta. Akwai wata ma a shekararmu da ta zana fefa biyu a gadon kilinik ɗin makaranta da mai gadi a gefenta saboda ta nema tun da wuri. Irin wannan taimakon yana nan amma ba wanda zai biyo ki da shi gida, haka masu lalurar gani ko ta ƙafa, in sun rubuta da wuri ana iya sauya musu hol zuwa ƙasa ko a ba su mai karanta musu.

Sannan ki lura da kuɗin makaranta na sabon zango, hidimar suna da ta asibiti na san ta kwashe na hannun maigida, kuma in ba ki biya ba fotal ba zai bari ki cire katin jarabawa ba, kin ga an gudu ba a tsira ba. Ki gwada NELFUND, bashin karatun da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2024, 'yan kwalejin ilimi da foli ma suna ciki ba 'yan jami'a kaɗai ba, kuɗin makarantar kai tsaye suke tura wa makaranta sannan akwai dubu 20 na wata wata ga wanda ya nema, babu ruwa a ciki. Za a nemi lambar JAMB da NIN da BVN. Sai dai yana ɗaukar lokaci kar ki bari sai jarabawa ta matso.

Maijego:

Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci, Baba Malam Allah ya ƙara girma, wlh jiya ne na fara barci mai daɗi. Yau da safe maigidana ya kai ni asibitin, mun samo fayil ɗina sun ce likitan da ya yi min aikin sai Alhamis yake zama mu dawo a rubuta rahoton. Daga nan muka wuce makaranta na sami malamin kos ɗin, da ya ga jaririyar ma sai da ya karɓe ta ya yi mata addu'a, ya ce ya tuna kiran sarai kuma zai rubuta a ƙasan wasiƙar, har ya buɗe littafinsa ya nuna min CA ɗina 31 cikin 40 tana nan. Na tambayi sakatariyar HOD ta ce bod za ta zauna ƙarshen wata mai kamawa in takardata ta iso kafin nan za a saka ta. Wadda ta kawo min maganar mai kwamfuta kuma na ce mata na fasa.

Saura abu ɗaya Baba Malam, katin jarabawar tawa inna ta zuba shi cikin kayan wanka ruwa ya taɓa gefe ɗaya, sa hannu huɗu suna fitowa biyu sun dame, in kai shi haka ko in nemi eksam ofisa ya ciro min takardar atendans ta ranakun? Ɗan Foli kai ma Allah ya fitar da kai, ka faɗa wa baban naka.